Biza daban, haraji daban

Jama'a don Allah mu daina cewa "ai ni baƙo ne, haraji bai shafe ni ba". Wannan maganar tana yawo sosai a Agege da Alaba Rago da Mile 12, musamman a bakin 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru, kuma wallahi ba haka abin yake ba.

Jami'in shige da fice shi ruwansa kawai ka shigo da izini ko ba ka da shi. Mai haraji kuwa kwana yake ƙirgawa, bai damu da irin hatimin da ke cikin fasfonka ba. A dokar Najeriya in ka yi kwana 183 a cikin wata 12, ko a jere ko a rarrabe, to ka zama mazauni a lissafin haraji, ko da bizarka ta ɗan lokaci ce. To ku duba ɗan cirani, ya sauko Legas bayan girbi da niyyar komawa kafin damina, albasa ta yi kuɗi ya ce bari in ƙara kwana biyu, kafin ya ankara ya haura wata shida, a ransa dai shi baƙo ne amma a takarda ya wuce nan.

Sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ba ma kwana kaɗai take dubawa ba, har gidan da ka tanada nan da iyali da inda harkarka ta kafu. Kuma mazauni, abin da ya samu a waje ma yana iya shiga lissafi. Wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba babu komai a kansa, shi ya sa ba mai tura baro nake jiye wa ba, manyan dillalai nake jiye wa masu tireloli da kuɗi suna shawagi a banki da sunansu.

Tikitin da ake yankar maka kullum a kasuwa fa ba shi ne harajin samu ba, shi harajin samu LIRS, wato hukumar harajin jihar Legas, ita ke karɓarsa a Legas.

Abin da ke min ciwo, babu mai yi wa mutanenmu bayanin nan da Hausa. Shugabannin kasuwa, ranku ya daɗe, ku nemo akanta ɗan gida ya zauna da jama'a bayan Juma'a, kowa ya zo da fasfonsa a duba ranar da ya shigo.