Wanda Ba Ya Cin Alade Ma Bai Tsira Daga Tsilarsa Ba

Duk lokacin da aka ambaci cututtukan da ake ɗauka daga naman alade, da yawa daga cikinmu a Kaduna mukan kawar da kai, muna ganin tunda ba ma cinsa, babu ruwanmu. Wannan tunani yana damuna ƙwarai.

Wanda ya ci naman da bai dahu sosai ba, mai ɗauke da 'yan ƙullutai farare kamar ƙwayar shinkafa, tsilar da likitoci ke kira Taenia solium takan girma a hanjinsa, tana zubar da ƙwai a cikin bayan gidansa. Daga nan maganar ta wuce shi kaɗai. Idan ƙwan ya shiga bakin wani ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwan sha, ko latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da gurɓataccen ruwa, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta bi jini ta lafe a tsoka, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. A 1992 likitoci sun ba da rahoton cutar a tsakanin Yahudawan birnin New York waɗanda addininsu ya haramta musu alade kamar yadda namu ya haramta mana, aka kuma danganta ta da masu aikin gida da ke ɗauke da tsilar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da aladu ke yawo cikin mutane, wannan tsila ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya. Mu kuwa da zarar babban mutum ya fara faɗuwa, sai mu ce iska ce. A yi addu'a, amma don Allah a haɗa da asibiti, domin hoton ƙwaƙwalwa yana nuna cutar, kuma akwai magunguna irin su albendazole.

Ba gori nake yi wa maƙwabtanmu Kiristoci ba; kiwon alade sana'ar iyalai da yawa ce, kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan ta isa shaida. Roƙona a killace aladu don kada su kai ga bayan gidan mutane, likitan dabbobi ya duba nama kafin a sayar, a kuma dafa shi har ciki. Mu ma da ke Rigasa da Tudun Wada, mu daina bahaya a fili, mai haɗa mana salak kuma ya wanke hannunsa da sabulu.