Ɗakin shayarwa a wurin aiki: hoto ya isa haka, a je a duba

Duk watan Agusta haka ake mana. Daga 1 zuwa 7 ga wata ana Makon Shayarwa na Duniya, manya su sha babbar riga, a yi jawabi, a buɗe ɗakin masu shayarwa a wata ma'aikata, a ɗau hoto a watse. To ku koma bayan wata uku mana, ko dai an garƙame shi makulli na aljihun masinja, ko ya koma sito an jibge tsofaffin fayil.

Ƙanwata da ta koma aiki a wani kamfani bayan ta yi arba'in, wallahi a banɗaki take tatsar nono, a tsaye, ana buga mata ƙofa, ga ba firij, kafin ta isa gida ya lalace. Abincin jariri fa!

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai jego hutun mako 12, ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, amma bai ce uffan ba kan inda za ta zauna. Rabin awa a cunkoson Kano ko Abuja ina zai kai ta? Amurka tun 2022 ta faɗaɗa dokarta, dole a ba uwa keɓaɓɓen wuri wanda ba banɗaki ba har yaro ya shekara. Mu kuwa likitoci na ta cewa nono zalla wata 6, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal ke samun haka. Legas da Kaduna sun kai hutun wata 6, madalla, amma na ma'aikatan jiha ne, malamar makarantar kuɗi da ma'aikaciyar banki fa?

Masu cewa mace ta zauna gida kawai, su fara gaya mana wa zai karɓi haihuwar matansu a asibiti.

Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa dirar mikiya ba sanarwa, su ga ƙofar tana kulluwa ta ciki, akwai kujera, ruwa, soket da firij, kuma matan za su tambaya a keɓe, ba manaja ba. Majalisa kuma ta sa maganar ɗakin cikin doka, da tara mai zafi.