Kafin mu tambayi wa ya yi masa, mu tambayi me ya same shi

A unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, ƙasar Ghana, idan saurayi ya daina fita majalisa ya kulle kansa a ɗaki, ko mai jego ta ƙi kallon jaririnta tana ta kuka, tambayar farko ita ce: "Wa ya yi masa?" Nan take a shiga lissafin kishiya da gwaggo da abokin kasuwa. Da wuya ka ga wanda ya zauna kusa da shi ya ce, "Ɗan uwa, me ya same ka a 'yan watannin nan?" Ni Musulmi ne, na yarda akwai aljanu, akwai sihiri, Alƙur'ani ya ambace su. Abin da ke ci mini rai shi ne mun mai da su amsar kowace larura, muna kuma rasa 'ya'yanmu a dalilin haka.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce ciwon ƙwaƙwalwa ba daga kafa ɗaya yake shigowa ba. Akwai gado, akwai yanayin jiki, akwai abin da ya faɗa wa mutum, akwai kuma yadda zuciyarsa ke fassara abin. Ku dubi yaranmu da suka dawo daga hanyar Libiya. Wanda ya ga abokin tafiyarsa ya mutu da ƙishirwa a sahara, ya dawo gida yana zabura cikin dare yana ihu, ƙwaƙwalwarsa ce har yanzu ba ta gaskata cewa hatsarin ya wuce ba. Haka yarinyar da ta dawo daga aikatau a ƙasashen Larabawa ta koma shiru, da magidancin da gobarar kasuwa ta cinye jarinsa a dare ɗaya.

A shekarun 1960 wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna maimaita wa kansu tunani iri uku: ni ba ni da amfani, duniya ta juya mini baya, gobe ma ba za ta yi kyau ba. Mai wannan tunanin sai ya daina zuwa kasuwar Kejetia. Da ya daina, ciniki ya tsaya, bashi ya taru, masu bin sa suka fara sallama a ƙofar gida, sai zuciyarsa ta ce masa, ka gani ko, ai na faɗa maka. Haka abin ke ta juyawa yana ƙara zurfi. Maganin da Beck ya gina shi ne majinyaci ya riƙa zama da ƙwararre mako-mako, su ɗauki tunanin nan ɗaya bayan ɗaya su auna shi da gaskiyar rayuwarsa, kuma ya koma ayyukansa kaɗan-kaɗan, ko da buɗe shago ne na awa biyu. Wannan ya sha bamban da "ka yi haƙuri" da muke jefa wa mutum mu wuce.

Wani zai ce ai wannan ilimin Nasara ne. To, Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke faɗa wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Har ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Masu ce wa mai damuwa "raunin imani ne" kuwa, su tuna Annabi Yaƙub (AS), wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni?

Ba kowane ciwo ne zama da magana ke warkarwa ba, wannan dole in faɗa. Wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutai, ko tramadol da wiwi suka birkita shi, yana buƙatar likita da ƙwayar magani, kuma da wuri. Jinkiri shi ke kai mu ga abin kunyar nan na ɗaure ɗan Adam da mari ko sarƙa a jikin bishiya, a hana shi abinci da sunan azumi, a yi ta dukansa wai aljani ake duka. Bayan wa yake fashewa? Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, hukumar da dokar ta kafa ta haramta ɗaure majinyata a 2017, kuma a 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Don haka uwar da ɗanta ya ce ya gaji da rayuwa, kada tsoron 'yan sanda ya sa ta ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Na san akwai wahala. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu, magani kuma yana cin kuɗi. Amma asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi yana da sashen masu wannan larura, kuma akwai nas-nas da aka horar kan aikin a asibitocin gundumomi.

Malamanmu su ne ƙofar farko da iyali ke ƙwanƙwasawa, kuma ba na fata hakan ya canza. A nan Kumasi da kuma Ibadan aka yi wani bincike ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti suna duba majinyaci tare, kuma bayan wata shida waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. A garinmu aka gwada, da mutanenmu.

Roƙona ga limamanmu da masu ruƙiyya: ku yi tofinku, ku yi addu'arku, amma kowannenku ya samu lambar nas ɗaya ta ƙwaƙwalwa a wayarsa. Idan an kawo muku mai jego da ta daina cin abinci, ko yaron da bai runtsa ba kwana uku, ku kira ta tun iyalin ba su bar zaurenku ba. Kuma kada ku ce wa wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi don ya fara shan rubutu.