Ɗaukar jariri ba ya mai da namiji mijin-ta-ce

Mutane da yawa sun ɗauka aikin maigida ya ƙare da zarar ya ajiye kuɗin cefane, ya biya haya da kuɗin makaranta. In aka ga magidanci yana jijjiga jariri cikin dare, ko yana wanke kwanuka don matarsa na fama da laulayi, sai a fara raɗa a majalisa: an shanye shi.

Addinin da ake fakewa da shi bai ce haka ba. Ci da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, babu jayayya. Amma a Sahihul Bukhari, da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ya ma yi salla ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Abin mamaki, masu yin wannan dariya su ne ke kwana kan tabarma a barandar asibiti idan aboki ko mahaifi ya kwanta. Su kai shi banɗaki, su bi layin magani, su ba da jini, kuma ba mai zunɗensu. Ashe sun iya jinya, a gidansu ne kawai suke jin kunyar maƙwabta. Ga shi a birni, inda kaka da gwaggo suka yi nisa, sau da yawa mai jego ba ta da mai dafa mata ruwan wanka sai mijinta.