Mai hawan jini yana neman wanda ya san shi

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina kawo mahaifiyata Garwa, a arewacin Kamaru, ganin likita saboda hawan jini da ciwon suga, kuma a zaman jiran layi na saurari dattawa da yawa, maza da mata, har na tabbata cewa abin da masu irin wannan ciwo suke so ya sha bamban da abin da ake tsara musu.

Kukansu na farko shi ne kowane zuwa sai sun tarar da sabuwar fuska. Inna ta taɓa ce mini, "Ɗana, na gaji da ɗauko labarin ciwona tun daga tushe." Gaskiyarta ne. Mai zazzaɓin cizon sauro kwana uku zai sha magani ya miƙe, ko wanda ya duba shi bai san sunansa ba babu damuwa. Hawan jini kuwa abokin zama ne har ƙarshen rai, kuma wanda ya san wace ƙwaya ce ta taɓa kumbura mata ƙafa, wacce ta sa ta tari, ya kuma san ba za ta yarda ta ajiye azumi ba, shi kaɗai ne zai daidaita mata magani yadda za ta riƙe shi. A yau duk wannan tarihi yana cikin ɗan karne, wato littafin asibiti, da take ƙullewa a leda. Ranar da ya ɓace, shekaru sun tafi.

Sai nisa. Muna da ƙananan cibiyoyin lafiya a ƙauyuka da unguwanni, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da nas zai bi ya kula da hawan jini da suga a irin waɗannan wurare, muddin yana da abin awon jini, da na awon suga, da magani a kanta. Amma sai ka ga tsoho ya biya kuɗin mota da na babur, da damina ya tsaya jiran ruwan kogi ya janye, ya wuni a gari, don awon da bai wuce minti biyar ba. Wata biyu ko uku zai jure, daga nan ya daina zuwa, ya koma sayen ƙwaya a tebur, sai kuma mu ji ɓarin jikinsa ya shanye.

Na yaba da shirin lafiya ga kowa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilun 2023. Wankin ƙoda da ake biya wa sefa 5,000 kowane zama ya koma sefa 15,000 a shekara, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san girman wannan sauƙi. Sai dai hawan jini da suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, ga shi ƙwayar da za ta hana mutum kaiwa ga injin har yanzu daga aljihunsa take fita. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Mun ga yadda aka ɗauke wa masu cutar ƙanjamau kuɗin asibiti tun Janairun 2020, ana ba su maganin wata uku a lokaci guda, mun kuma ga yadda takardar biyan kuɗin awon ciki da haihuwa ta sefa 6,000 ta kai mata masu ciki asibiti a nan Arewa. Hanyar ashe sananniya ce.

Ban ce nas ya maye gurbin likita ba. Gwajin ƙoda, duban ido, da gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa dole a tura su asibitin gunduma, da takarda a hannu, a kuma dawo da amsa ga wanda ya tura. Amma bayanin yau da kullum, irin rage gishiri da dunƙulen miya, ko yadda za a adana insulin, allurar masu suga, a sanyin randa cikin zafin Maris da Afrilu, gara a yi shi da Hausa ko Fulatanci, kuma matanmu da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce ta duba su.

Kowace cibiya tana da kwamitin lafiya na jama'ar yankin, don haka ina roƙon waɗannan kwamitoci su zauna da masu ciwon su tambaye su. Na tambayi Inna, ta ce a ba ta nas guda da ta san ta, a sa mata rana ta dace da ranar kasuwa, a kuma ba ta maganin wata uku ta koma gida.