Tarihin talaka ma tarihi ne, jama'a

Asabar ɗin da ta wuce na raka 'yata babban laburaren Birmingham da ke Ingila, an ba su aiki a makaranta su rubuto tarihin unguwar da suke zaune. Ni a tunanina littafi ɗaya za a miƙo mana mu kama gabanmu. Ashe ba haka ba ne.

Ginin kansa abin kallo ne, bangonsa an lulluɓe shi da zobba na ƙarfe manya da ƙanana sun sarƙe da juna, a ciki kuma matakala mai tafiya da kanta tana ɗaga ka sama kana ratsa kantoci na littattafai da aka jera su a zagaye, can sama har da lambu inda mutane ke zama suna kallon gari. A 2013 aka buɗe shi, Malala ce ma ta buɗe, kuma kusan fam miliyan 189 ya ci. Shiga kyauta, kati kyauta, babu mai tambayarka ɗan waye kai. Amma ba ginin ne ya tsaya min a rai ba.

Wata ma'aikaciya a sashen ajiyar tarihi ta tambayi yarinyar sunan layinmu, ta zaunar da ita ta nuna mata tsohuwar taswira, ga layin nan tun ana hawa keken doki, ga inda masana'anta take a da. Daga nan ta nuna mana hotunan wani tsohon shagon ɗaukar hoto na Ernest Dyche da ke unguwar Balsall Heath. Wallahi na daɗe ina kallonsu. Baƙi ne zalla, mutanen Jamaika da Indiya da Pakistan da suka zo neman abinci a shekarun 1950 da 1960, wani kwandastan bas ne ya sha kayan aikinsa ya tsaya ƙyam, wata nas ce da farar hularta, wani ya ci kwat ya ɗan ɗaga hannu don agogonsa ya fito, duk don a aika gida a ga cewa ana lafiya. Ba sarakai ba ne, ba attajirai ba. Amma garin ya ɗauki hotunansu ya adana a gini ɗaya da takardun James Watt mai injin tururi.

A bas muna komawa sai yarinyar ta ce, “Abba, a Kano ina ne ake ajiye hoton Kaka?” Na ce mata a gida. Ta ce a'a, wurin da kowa zai je ya gani take nufi. Shiru na yi.

To kada wani ya ce zaman Turai ya sa na fara raina namu, don na san za a faɗa. Mu ba mutanen da ba su da tarihi ba ne, muna rubutu da ajami da Larabci tun Bature bai san hanyar ƙasarmu ba. Akwai Gidan Makama, akwai Gidan Ɗan Hausa, duk a Kano, akwai Arewa House a Kaduna da ke gidan Sardauna, akwai cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma akwai bayin Allah a waɗannan wurare da ke aiki tuƙuru da ɗan abin da aka ba su. Su ma nan ɗin ba aljanna ba ce, shekara biyu da buɗe laburaren nan aka zabge awannin aikinsa kusan rabi saboda rashin kuɗi, a 2023 kuma majalisar birnin ta fito ta ce asusunta ya gaza. Kuma in ana maganar adana kaya, nawa ne daga abin da ke gidajen tarihinsu wanda kwaso shi aka yi daga ƙasashenmu? Duk na sani.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Tarihin da muka riƙe na sarakai ne da malamai da yaƙe-yaƙe. Za ka samu jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda, za ka ji Rumfa da kasuwar Kurmi, za ka ji jirgin ƙasa ya iso a 1911. To ina sunan leburorin da suka ɗora buhu kan buhu har dalar gyaɗa ta tashi? Ina hoton matan da suka yi ta kaɗi da saƙa, ko marinan Ƙofar Mata na shekara hamsin baya? Masu hoton Fagge da Sabon Gari da muke tururuwa wurinsu ranar sallah, waye ya bi sawun abin da suka bari da shagunan suka rufe? Ganuwa ma da take gabanmu ƙiri-ƙiri ana ta yanka ta ana gini muna kallo, balle takarda.

Kullum sai a ce ai mu tarihinmu a bakin dattawa yake. Haka ne, kuma ni ma na sha daɗinsa, don abin da kakata ta ba ni a tsakar gida bayan isha'i babu laburaren da zai ba ni shi. Sai dai dattawan tafiya suke yi, jikokin kuma wasunmu suna nan wata uwa duniya, waɗanda ke gida ma waya ta ɗauke musu hankali. Kakata ta ga farin ɗango, ta ga zuwan rediyo unguwarmu, tana da waƙoƙin daka da na niƙa da ban ƙara jin su a bakin kowa ba. Ta rasu babu muryarta ko ta minti ɗaya a wurin kowa, hotonta guda ne, na fasfon Makka, shi ma ruwa ya taɓa shi.

Abin da ke ci min rai kenan, ba wai Birmingham ta fi Kano ba, Allah ya kiyaye in ce haka. 'Yata yanzu ta san abin da ke layinmu na nan shekara ɗari baya, amma gidan da aka binne cibiyar ubanta ba ta da komai a kansa sai abin da na faɗa mata, ni ɗin ma mantuwa ta fara yi min ɓarna. In aka ci gaba a haka nan za ta ɗauka garinta.

Da daddare na kira ƙanena na ce don Allah ya buɗe adakar Baba ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, akwai wasiƙun ajami da kakanmu ya riƙa aikowa daga Kumasi lokacin fataucin goro, akwai tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya ɗauke min su da waya shafi-shafi, sannan ya zauna da Gwaggo ya naɗi hirarta tunda ita kaɗai ta rage a cikinsu. Ya ce, “Yaya, ai gara ta ci rabinsu tun bara, sauran ma Hajiya na cewa a fitar da su ɗakin ya sha iska.” Na roƙe shi kada a taɓa ko ƙyalle, na tura masa kuɗin data da na leda mai kauri, na ce Juma'a zan sake kira in ji inda ya kai.