Motar yara mai caji, wai don wa aka yi ta?

Jiya da la'asar ina zaune ƙofar gida nan unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi sai ga yaran unguwa sun kai bakwai suna tura motar ɗana Abba, shi kuwa gogan ya hakimce ciki yana murza sitiyari kamar wani ɗan majalisa. Motar nan fa mai batir ce, da ƙaramar sallah na saye ta, kuɗin kam ba zan faɗa ba don uwargida tana Facebook kuma wani farashi daban ta sani.

Ni dai ra'ayina wanga abu ba don ƙasarmu aka ƙera shi ba, mu ne dai da son a gani. Tun asali ma kayan 'ya'yan masu hannu da shuni ne. Ettore Bugatti mai ƙera motocin tsere a Faransa ya yi wa ɗanshi Roland 'yar ƙaramar mota, attajirai suka gani suka ƙyasa, daga 1927 ya shiga ƙera masu batir na sayarwa, duka-duka wajen 500 aka yi, sauran yara kuwa sai mai feda. A shekarun 1980 da wata motar yara mai batir da ake kira Power Wheels ta fito a Amurka abin ya yawaita a gidajen masu matsakaicin ƙarfi, 1994 kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya saye ta. Kuma ko can ɗin ba su tsira ba, a 1998 sai da aka ce a kai kusan miliyan 10 gyara saboda wayoyin ciki na ɗaukar zafi har wasu su kama wuta. Yanzu kam 'yan Chana sun cika kasuwa da su, har da rimot da fitila da waƙa.

To amma can yaro kan siminti sumul yake tuƙi, wuta kuma ba ta ƙiftawa. Mu nan fa? Tayar roba ce, tana shiga rairayi sai ta tsaya wuri ɗaya tana ta ƙuuu tana watsa ƙasa. Batirin kuma irin mai dalma ne, so yake a kwana ana cajinshi kafin ya yi aikin awa ɗaya, mu ko a kawo wuta ƙarfe biyun dare kafin asuba an ɗauke, kullum rabin caji, ga zafin Birnin Kebbi da ko mutum neman inuwa yake balle batir. Wata biyu ya mutu. Na kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe ƙarƙashin kujera ya ce, Alhaji ai wanga ya kumbura, dube shi kamar burodi. Ya dasa mata batirin mashin tunda shi ma ƙarfinshi volt 12 ne, ta tashi da ƙarfinta, sati bai cika ba yara uku suka hau lokaci ɗaya haƙoran giya suka zube, ashe su ma roba ne.

Wallahi sai na tuna motar kara. Mu tafi gona bayan girbi mu zaɓo karan dawa mai kauri, a ɓare a fere, a yanko taya daga tsohon silifas, a ɗaura zare, har gingimari muke yi da bodi da lamba. Ta karye kafin magariba ka yi wata, ba ka roƙi kowa sisi ba. Ba wai ina cewa a hana yara abin zamani ba ne, mai sola da tsakar gida mai tayil bismilla, ya saya, amma irina mai gidan haya a lungu gara keke sau goma.

Da daddare na ce, Abba in sake kai ta gyara? Ya yi shiru ya ce, Baba a bar ta haka, in ta tashi su Sani ba za su riƙa zuwa turi ba.